Sikeli Mai Tausayi

A ofishin aika kaya ba wanda ya ƙara tuna sunansa na gaskiya. Kilo ake ce masa, shi ma Kilo yake amsawa. Shekara goma sha bakwai yana tsaye a bayan kanta ɗaya yana ɗora kwalaye a sikeli, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora kaya ba sai ya fara tabbatar da allura ta zauna daram a kan sifili. Ko ambulan aka kawo, sai ya hure farantin, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, sannan ya ce a miƙo. Masu layi su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. A bayan ofishin akwai babban sikeli na buhuna, an rubuta a jikinsa cewa ba na hawan mutane ba ne. Ranar da direban ofis ya hau don wasa, Kilo ya rubuta ƙorafi shafi biyu. Irin mutumin ke nan.

Amma mutumin nan yana da abin da ke cin ransa. Shekara ishirin da suka wuce, yana saurayi, ya ba da sunansa a gasar damben masu sha'awa, irin wanda ake yi da safar hannu da hular kariya. Ranar karawa ya leƙa ta ƙofa, ya hango abokin karawarsa yana naushin bango don ɗumama jiki. Ya sulale ta ƙofar baya, ya koma gida ya ce ciwon ciki ne ya murɗe shi. Tun daga ranar safar damben take rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa, duk lokacin da ya rufe ƙofar sai ta ɗan dungure shi a kafaɗa. Kunyar abin ba ta taɓa barinsa ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Dokar gasar ba ta karɓar wanda ya cika arba'in. Saura wata uku Kilo ya cika, gasar kuma saura mako takwas. In bai shiga bana ba, to shi da filin dambe sai dai kallo.

Ya je wurin Koci, wani tsohon ɗan dambe mai karyayyen hanci da ke horar da mutane a cikin tsohon gareji. Koci ya zagaya shi sau biyu yana kallon tumbinsa.

"Nauyinka nawa?"

"Tamanin da huɗu da giram ɗari uku," in ji Kilo.

"Ajin saba'in da biyar zan sa ka. Sama da nan akwai mutanen da ba na so in je ina yi wa matarka bayani a kansu." Koci ya nuna ƙarafan da ke jibge a kusurwa. "Kwana uku a mako ɗaga ƙarfe. Sauran kwanakin gudu, tsallen igiya, buhun naushi. Tumbi ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Ka ci ƙwai, ka ci kifi, ka ci wake, ka rage burodi da sukari. Ka ji da kyau, ban ce ka daina ci ba."

"Ina sikelinku?"

"Ga shi can, kyanwa na kwance a kai. Ya mutu tun bara. Amma mutumin da awo ne sana'arsa, ni ne zan auna shi? Ka auna a gida, ka zo ka faɗa mini."

Kilo ya sayo sikeli mai allura, don bai yarda da masu batir ba. Ya ajiye shi a banɗaki, a ƙarƙashin wurin wanke hannu. Ya durƙusa, ya murɗa ɗan wilin da ke gefensa har allura ta hau sifili, sannan ya tara mutanen gidan ya yi musu jawabi. Su uku ne: Uwargida, matarsa, tela ce da kekenta ke cinye rabin falo, Inna, mahaifiyarsa, da ƙanwarsa da ke aiki a asibiti, wadda kowa ke kira Nas. Ya ce sikelin nan an saita shi, kada wanda ya taɓa wilin. Ya lulluɓe shi da tawul saboda danshi.

To sai dai Kilo na ofis daban, Kilo na banɗaki daban. Kwali ba ya jin tsoron sikeli, amma mutum yana ji. Kullum da safe sai ya rufe ido tun daga bakin ƙofa, ya janye tawul da yatsan ƙafa, ya hau a hankali, ya fitar da duk iskar da ke cikinsa, sannan ya buɗe ido ɗaya ya leƙa ƙasa. In ya gani, ya sake rufe idon, ya sauka, ya mayar da tawul. Mutumin da ke duba sifili sau ɗari a rana a wurin aiki, a gidansa bai ƙara ganin sikelin nan babu kowa a kansa ba.

Mako uku yana fama ba ji ba gani. Ya ɗaga ƙarfe har hannunsa ya kasa kai cokali baki. Ya yi tsugunne da ƙarfe a wuya har ya koma sauka daga bene da baya-baya. Igiyar tsalle ta zane masa ƙwauri. Allura kuwa ko gezau, tamanin da huɗu. Ya yi aski, tamanin da huɗu. Ya yanke farce, tamanin da huɗu. Wata safiya ma ta ƙara rabin kilo, kamar da gangan.

"Kitse ne ke fita, tsoka na shiga," in ji Koci. "Tsoka kuwa ta fi nauyi. Yi haƙuri, zai sauka."

Kilo bai ji ba. Shi a saninsa, abin da allura ta faɗa shi ne gaskiya, sauran duk surutu ne. Ya daina cin abinci. Da safe ruwan zafi, da rana kokwamba, da yamma ruwan zafi da ragowar kokwambar. Idonsa ya zurma. A ofis aka kama shi yana shinshinar wani kwali da aka rubuta biskit a jiki. A gareji ya kai wa buhu naushi, buhun ya tafi ya dawo ya zaunar da shi a ƙasa, ya daɗe a zaune yana tunanin rayuwa.

Da yamma a teburin cin abinci Inna ta ajiye cokali, hawaye ya cika idonta.

"Dubi ɗan nan yadda ya koma. Riga a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa."

"Maigida, don Allah ko ƙwai ɗaya," in ji Uwargida.

"Yaya, wallahi in ka faɗi, ni ba zan iya ɗaga ka ba," in ji Nas, bakinta cike da shinkafa.

"Ba zan ci komai ba sai allura ta motsa," in ji Kilo. Ya ɗauki kokwambarsa ya shige ɗaki, safar dambe ta dungure shi a kafaɗa.

Washegari allura ta motsa. Tamanin da uku da rabi. Kilo ya fito daga banɗaki da tawul a ƙugu yana kiran kowa, bakinsa har kunne. Don murna ya ci ƙwai biyu. Ya kwana da fargabar abin da ƙwan zai jawo, amma da safe sai ga tamanin da uku. Ya ci kifi, tamanin da biyu da rabi. Ya ci kaza da dankali, allura ta ƙara yin ƙasa.

"Koci, na gano wani abu," ya ce. "Ni jikina, iya cin da na yi, iya saukar da nake yi."

Koci ya sosa karyayyen hancinsa. "Ban taɓa jin haka ba. Amma ci gaba."

Ai kuwa ya ci gaba. Da abinci ya koma ciki, ƙarfi ya dawo har da ƙari. Ƙarfen da a da yake ɗagawa yana nishi, yanzu da shi yake ɗumama jiki. Buhun naushi ya daina rama duka. Uwargida ta rage ƙugun wandunansa sau biyu, ta kuma buɗe kafaɗun rigunansa, wannan kam ba ƙarya, da idonsa ya ga tef ɗin awo. Don haka bai taɓa kawo shakka ba. A ofis ya zama mai wa'azi: duk wanda ya kawo kwali sai ya tafi da lacca a kan wake da tsallen igiya. Abu ɗaya ya ɗan ba shi mamaki, wata safiya kilo ɗaya da rabi ya tafi lokaci guda. Ya ce ƙila gudun jiya ne.

Ranar gasa da sassafe allurar gida ta nuna saba'in da huɗu da rabi. Ya sauke safar dambe daga ƙusa, ya kaɗe ta, ya sa a jaka. Gidan gaba ɗaya suka raka shi. A hanya ya lura matan sun yi shiru da yawa, ya ɗauka tausayin abokin karawarsa suke ji.

A zauren wasanni aka jera 'yan dambe don awo. Wata jami'a mai tabarau ce ke riƙe da takarda. Da layi ya zo kan Kilo, ya ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, a ba ni izini in ga sifili tukuna."

Ya durƙusa, ya hure, ya karkata kai, ya kanne ido. Ya miƙe yana gyaɗa kai. "Madalla. Wannan sikeli ne na mutunci." Sannan ya hau.

"Tamanin da ɗaya," in ji jami'ar.

Kilo ya waiwaya ya ga ko wani ya ɗora ƙafa a baya. Ba kowa. Ya sauka, ya cire riga, ya hau. Ya sauka, ya cire safa da agogo, ya hau. Ya fitar da iska har ya ga duhu-duhu.

"Tamanin da giram ɗari tara," in ji jami'ar. "Malam, kar ka cire komai kuma, akwai mata a nan."

"Ranki ya daɗe, shekara goma sha bakwai ina awo. Sikelin nan yana da matsala."

"Ba yanzu ka ce na mutunci ne ba?"

Ta sa aka kawo ƙarfen gwaji mai kilo ishirin. Kilo da kansa ya ɗora. Allura ta tsaya a kan ishirin, ko rawa ba ta yi ba. Gumi ya karyo masa. Ya juya ya dubi mutanen gidansa. Uwargida tana kallon rufi, Inna tana kallon ƙasa, Nas kuwa ta tura kai cikin jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba. Nan ya sha jinin jikinsa.

"Wa ya taɓa mini wili?"

Uwargida ta matso tana murza gefen mayafi. "Maigida, kilo uku ne kacal. Kuma ba lokaci ɗaya ba, rabi-rabi na riƙa yi. Mutuwa fa za ka yi a kan kokwamba."

"Au, ke ma?" in ji Inna. "Ni na ɗauka ni kaɗai ce. Biyu na murɗa. Na ga duk ranar da ya sauka kana ƙara loma."

Suka juya gaba ɗaya suka dubi Nas.

"Ni fa ba don Yaya na yi ba," ta ce. "Ɗaya da rabi, don kaina. Mutum ya tashi da safe ya ga abin da zai faranta masa rai, laifi ne?"

Uku da biyu da ɗaya da rabi, shida da rabi. A ɗora a kan saba'in da huɗu da rabi, tamanin da ɗaya cif. Lissafin ya fita daidai, kuma wannan kaɗai ne ya ɗan sanyaya masa rai.

Koci ya dafe kai. "Saba'in da biyar ta wuce ka. Ajin tamanin ma ka haura shi, kuma ya cika. Saura ajin tamanin da shida. Mutum ɗaya ne a ciki."

Ya nuna da haɓa. A kan benci wani mutum ne zaune, ya cinye wurin mutum uku. Firji ake ce masa, saboda aikinsa hawa da firji saman bene, kuma an ce ba ya neman mai kama masa.

A nan ne Kilo ya ji wani abu da bai zata ba: daɗi. Daɗi mai sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya. Ga uzuri ya zo har inda yake, mai tsabta, mai shaidu, wanda ya fi ciwon ciki sau dubu. Ba laifinsa ba ne, sikeli aka murɗa. Idonsa ya kai kan ƙofar baya, tana nan a buɗe, har da iska mai daɗi tana shigowa.

Firji ya taso ya zo. Muryarsa 'yar siririya ce, ba ta dace da jikin ba.

"Malam, don Allah ka taimaka. Shekara uku ina zuwa, ba abokin karawa. Sai a miƙo mini kofi in tafi gida. 'Ya'yana sun ɗauka a kasuwa nake sayowa."

Inna ta dubi Firji daga sama har ƙasa, ta kama hannun ɗanta.

"Taso mu tafi gida. In an tambaya, ka ce cikinka ke ciwo, kamar wancan karon."

Kilo ya tsaya cak. "Inna, wancan karon ai da gaske..."

"Kai, rufe mini baki. Ni na haife ka. Mai ciwon ciki ne ke dawowa ya cinye faranti biyu? Na yi shiru ne kawai don na ga ka tsorata."

Shekara ishirin yana ɓoye abu a gidan da kowa ya sani. Ya dubi Uwargida, ta kawar da kai, ita ma ta sani ke nan. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ta kori daɗin nan gaba ɗaya. Tsoron bai tafi ba. Amma ya gane in ya bi ta ƙofar nan yau, ba sauran wata shekara da zai gyara. Ya zare hannunsa daga na Inna a hankali, ya je wurin jami'ar.

"Ranki ya daɗe, a rubuta ni a tamanin da shida."

Da la'asar aka buga ƙararrawa. Zagaye na farko Kilo ya yi shi ne da ƙafa. Duk gudun mako takwas ya fito da shi, ya zagaya filin har alƙalin wasa ya fara jin jiri. Sai dai filin dambe ƙarami ne, igiya ta ko'ina. Firji ya same shi a kusurwa ya sauke masa guda ɗaya a kan hular kariya. Kilo ya ji ƙararrawa, alhali ba a buga ba. Ya jira ya ji shi a ƙasa, sai ya ga yana tsaye. Ƙafafun da suka sha tsugunne da ƙarfe sun ƙi lanƙwasa.

A zagaye na biyu ya rufe ido ya kai naushi, kamar yadda yake hawa sikeli. Ya samu Firji a haƙarƙari, har ya ja da baya taku biyu.

"Yauwa!" in ji Firji cikin murna, ta bayan robar baki. "Ƙara!"

"Kar ka ƙara, za ka ba shi haushi!" Inna ta ƙwala daga cikin 'yan kallo.

Ya ƙara. Firji ma ya ƙara, kuma nasa sun fi yawa.

A zagaye na uku wani naushi ya kai Kilo gwiwa ɗaya a ƙasa. Zauren ya riƙa juyawa. Alƙali ya sunkuyo yana ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Kilo yana ji daga nesa, kuma a gaskiya ya so ya yi zamansa. Amma sai ya lura da wani abu: mutumin nan sauri yake yi. Tsakanin huɗu da biyar ko daƙiƙa ba ta cika ba. Wannan kuwa Kilo ba zai lamunta ba. A kan shida ya miƙe tsaye don ya yi ƙorafi. Alƙali ya goge masa safar hannu, ya ce a ci gaba. Kafin ya samu damar yin bayani aka buga ƙararrawar ƙarshe, yana kan ƙafafunsa.

Alƙalan maki duka uku Firji suka ba. Ba wanda ya yi gardama, har Inna. Firji ya rungume shi ya ɗaga shi sama yana kuka, yana cewa yau zai shiga gida da kumburarren leɓe kowa ya gani. Koci ya kwance wa Kilo safar dambe yana girgiza kai.

"Da ka kai saba'in da biyar ɗin nan da yunwa, iskar naushin yaro ma ta ishe ka. Matan gidanku sun fi ni iya horo."

Idon Kilo ɗaya ya rufe, haƙarƙari na zogi, amma wani nauyi da ya daɗe yana ɗauke da shi ya sauka, kuma ya ji saukarsa sarai.

Washegari da safe ya shiga banɗaki, wannan karon ido buɗe, wato wanda ya rage. Ya janye tawul. Allura na can ƙasa da sifili ta yi lamo. Ya durƙusa da ƙyar ya mayar da ita wurinta, ya fito ya sanar cewa an dawo kan gaskiya.

Ba a yi minti goma ba aka ji ihun Nas daga banɗaki. Uwargida ta shiga bayanta, ta fito ta nufi tebur. Inna, wadda ba wanda ya san tana hawa, ita ma ta shiga ta fito tana salati. A safiya ɗaya kowace ta ƙara kilo shida da rabi.

A tebur ga burodi, ga ƙwai, ga shayi, ba wadda ta miƙa hannu. Nas ta zuba ruwan zafi zalla. Uwargida ta je kicin ta dawo da kokwamba, ta yanka uku ta raba. Suka zauna jugum, kowace ta zuba tagumi.

Kilo ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya san wannan zaman, shi ya fara yin sa. Ya tuna waɗanda suka riƙa durƙusawa a banɗaki a ɓoye don kawai ya ci ƙwai, sai tausayinsu ya kama shi. Ya ce zai wanke hannu.

Ya rufe ƙofar banɗaki, ya dafa bango ya durƙusa, haƙarƙari na ƙara. Shekara goma sha bakwai bai taɓa karkatar da allura ko da giram ɗaya ba. Ya janye tawul, ya kai yatsa kan wilin, sai ya tsaya. Allurar ta riga ta sauka kilo ɗaya ƙasa da sifili. Wata ta riga shi.

Ya ƙara mata biyu, ya mayar da tawul. Ya fito ya zauna, ya ce ɗazu da ido ɗaya ya saita sikelin, ƙila ya yi kuskure, su sake gwadawa. Sannan ya ture kokwambar gefe, ya tura farantin ƙwai gaban Inna.